Yadda Ake Juya Talla Ya Faɗi Gaskiyar Da Ya Ɓoye

Ba wanda ya nemi izininka kafin a kafa allon talla a bakin hanyar da kake bi kullum. Littafi kai kake buɗe shi, rediyo kai kake kunna ta, amma allon nan yana tsaye a gabanka ko kana so ko ba ka so, yana gaya maka wayarka ta tsufa, fatarka ba ta yi ba, takalminka abin kunya ne. Shi ke magana, kai ba a ba ka bakin amsawa ba. Sana'ata zane ce, kuma da zanen talla na fara neman abinci, don haka na san yadda ake zama a ɗaki a shirya irin wannan magana. Tambayar da ake fara yi a wurin ita ce me mutum yake tsoro, me yake jin ya rasa, sannan a nemo kayan da za a jingina wa wannan tsoron. Abin da nake so in koya maka shi ne yadda za ka amsa musu da launinsu da salon rubutunsu da kirarinsu, har wanda ya gani ya tsaya ya sake dubawa.

Wasu sun riga mu. Tun a shekarun 1950 Guy Debord da abokansa a Turai suka fara ɗaukar hotunan jaridu da na talla suna sauya musu kalmomi don ma'anar ta juya. A San Francisco, wata ƙungiya mai suna Billboard Liberation Front ta fara gyara allunan talla cikin dare a 1977. Mujallar Adbusters, mai sukar tallace-tallace, ta fito a Vancouver ta ƙasar Kanada a 1989. Daga ayyukansu, masu kyau da waɗanda suka karkace, na tattaro abin da zan faɗa.

Zauna da talla ɗaya

Sabon shiga yakan so ya yaƙi duniyar saye-saye gaba ɗaya a fosta guda. Sai ya rubuta "ku daina almubazzaranci" da manyan haruffa, kowa ya wuce bai ko waiga ba, domin wa'azi ne, kuma mutane sun saba da shi. Ka zaɓi talla ɗaya tak, wanda kowa a inda kake ya riga ya haddace. Kamfanin ya kashe maƙudan kuɗi ya dasa hoton nan a kan mutane, wannan kuɗin kake so ya yi maka aiki.

Ka ɗauki hotonsa, ka buga a takarda, ka ajiye a gabanka. Ka rufe tambarin da kayan da tafin hannunka, ka dubi abin da ya rage. Sau da yawa za ka tarar da iyali suna dariya, ko saurayi tsakiyar abokai, ko titi fetal babu cunkoso. Wannan shi ne ainihin abin da ake sayar maka: zumunci, farin jini, 'yanci. Lemon kwalba ko motar dai an raɓa su ne kawai. Sai ka ɗauki biro ka amsa tambayoyi uku a bayan takardar: me ake sayarwa, me aka yi alkawari, me aka cire daga hoton. Ta ukun ce ma'adanarka. Tallan mota ba ya nuna hayaƙi ko bashin da za a yi shekaru ana biya. Tallan tufafi masu arha ba ya nuna wadda ta ɗinka su da abin da aka biya ta. Tallan caca ta waya yana nuna mutum ɗaya da ya ci, ya ɓoye dubban da aka cinye. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma tsagar kowane talla tana tsakanin alkawarinsa da abin da ya cire.

Kafin ka zana komai, ka tabbatar

Nan ne nake ɗaukar lokaci fiye da ko'ina, kuma nan ne nake roƙon ka da ka yi haƙuri. Duk abin da za ka ɗora wa kamfani ya zama kana da takardarsa: hukuncin kotu, rahoton hukumar da ke sa ido a kansa, binciken jarida mai mutunci, ko kuma, mafi daɗi, rahoton shekara da kamfanin ya fitar da hannunsa. Abin da ka gani ana yawo da shi a WhatsApp ba hujja ba ne. Ka ajiye kwafin kowace takarda da ranar da ka same ta.

A 1974 wasu matasa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan suka fassara wani rahoto kan yadda ake tallan madarar jarirai ta gwangwani a ƙasashe matalauta, inda uwaye ke barin shayarwa suna dama madarar da ruwa maras tsafta. Sai suka sa wa fassarar take mai cewa Nestlé na kashe jarirai. Kamfanin ya kai su kotu kan ɓata suna. A 1976 alƙali ya ci su tarar kuɗin ƙasar faran 300 kowanne, kuma a kan taken nan ne kawai aka kama su. Abin da ke cikin rahoton ya tsaya daram, har alƙalin ya gaya wa kamfanin cewa dole ya sake salon tallansa. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin a Amurka, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojin tallan madarar jarirai. Abin da na ɗauka daga nan shi ne lauyan kamfani ba zai taɓa jimlolinka tara masu hujja ba, ta goman da ka zarce a cikinta zai kama. Don haka ka faɗi abin da aka tabbatar kamfani ya yi, ka bar wa mai kallo ya yanke hukunci da kansa. Hukuncin da mutum ya yanke a ransa ya fi wanda ka rubuta masa zama.

Taɓa kaɗan

Yanzu sai aikin hannu. Dokata ita ce ka sauya abu ɗaya, ka bar sauran kamar yadda suke. Ko dai ka bar hoton ka sauya kalma, ko ka bar kalmar ka sauya hoton. In ka sauya duka biyun, ka yi sabuwar fosta ne, ba wanda zai gane wa kake amsa wa.

Kamfanin R.J. Reynolds ya yi shekaru yana tallan sigarin Camel da zanen wani raƙumi ɗan gayu mai tabarau, wanda yara ƙanana ma suka san shi. A 1996 wani malamin jami'a a Amurka, Scott Plous, ya fito da raƙumin nan dai, da fuskarsa da komai, amma sanye da rigar asibiti, kai babu gashi, yana jan ƙarfen ƙarin ruwa, kamar mai jinyar cutar daji. Bai buƙaci dogon bayani ba. Haka a ƙarshen Nuwamba 2015, ana gab da buɗe taron sauyin yanayi a Paris, ƙungiyar Brandalism ta saka fostoci kusan 600 a rumfunan jiran bas. Ɗaya daga ciki motar Volkswagen ce, da tambarinta da farin shafinta kamar yadda aka saba, sai dai rubutun yana neman afuwa ne saboda an kama su. Watanni biyu kafin nan aka bankaɗo yadda kamfanin ya yi maguɗi a gwajin hayaƙin motocinsa, don haka kowa ya gane nan take.

Kwaikwayon ya zama babu aibu. Ka nemo salon rubutun da suka yi amfani da shi ko mafi kusa da shi. Akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton rubutu su gaya maka sunansa. Launi kada ka yi shi da ido, ka ɗebo shi daga hoton asali da kayan ɗibar launi da ke cikin kowace manhajar zane, har da na kyauta irin su GIMP da Inkscape. Ka auna tazarar da ke tsakanin haruffa, da filin da suka bari a gefe, da inda tambari ke zama. Masu talla na barin fili da yawa babu komai, sabon shiga kuwa hannunsa na ƙaiƙayin cike shi. Ka danne wannan ƙaiƙayin. Mai wucewa daƙiƙa biyu ko uku zai ba ka. A ta farko ya ɗauka tallan da ya sani ne, a ta biyu ya ji wani abu bai zauna daidai ba, a ta uku ya gane. In kwaikwayon ya yi rauni, tun a ta farko zai san da wa yake magana, ya kawar da kai.

Kalmomi kada su wuce shida ko bakwai. Ka rubuta kirari ashirin ka zubar da sha tara. Ka guji zagi da batsa, domin suna ba wa mutum dalilin ƙin sauraronka, kuma yara ma suna bin hanyar. Ka rubuta da muryar kamfanin, mai ladabi, mai fara'a, kamar dai yau ya tashi da niyyar faɗin gaskiya. Idan akwai adadi ko hukuncin da kake dogara da shi, ka sa shi a ƙasa da ƙananan haruffa, daidai inda su suke ɓoye sharuɗɗansu.

Da ka gama, ka nuna wa wanda bai san komai kan batun ba, ka ƙirga uku a zuci, ka kife takardar, ka tambaye shi me ya gani. In ya ce tallan kaza ne kawai, saƙonka ya nutse kuma ka yi wa kamfanin talla kyauta. In sai ka yi masa bayani kafin ya gane, ka koma teburi. Abokan gwagwarmayarka ba su dace da wannan gwaji ba, tunda sun riga sun yarda da kai.

Ina za ka kai shi?

Gara in faɗa maka ƙarara: taɓa allon talla na wani, ko da sitika ce, laifi ne na ɓarnar dukiya a kusan ko'ina, kuma hawa allo kusa da wayoyin lantarki na iya kashe mutum. Waɗanda suka yi shi da mutunci sun san haka kuma sun shirya biyan farashinsa. A Sydney ta Ostireliya, tun 1979, ƙungiyar BUGA UP ta riƙa sauya haruffan allunan sigari da na giya da fenti, cikinsu har da likitoci, irin su Arthur Chesterfield-Evans, waɗanda suka gaji da ganin huhun da taba ta cinye. An kama da yawansu, suka mai da zaman kotu wurin bayyana hujjarsu. A 1992 ƙasar ta yi dokar tarayya da ta hana tallan taba kusan gaba ɗaya. Ba su kaɗai suka kawo dokar ba, amma sun sa tallan sigari ya zama abin kunya a bainar jama'a. A Faransa kuma, daga 2005, masu kiran kansu Déboulonneurs suna sanar da rana da wuri, su rubuta a kan allo da rana tsaka, fuska a buɗe, su tsaya jiran 'yan sanda. Babbar buƙatarsu ita ce kada fostar talla ta wuce santimita 50 a 70.

Ina girmama su, amma ba zan tura ka can ba, musamman in kana zaune a inda kamun 'yan sanda ba ya ƙarewa da tara. Hanyoyin da ba sa taɓa kayan kowa suna da yawa, kuma wasunsu sun fi allo nisan zango. Ka ɗauki hoton allon ka gyara shi a kwamfuta, ka yaɗa shi kana mai bayyana cewa gyararre ne. Ka buga shi a riga, ko a kwali ka tsaya da shi a ƙarƙashin allon na gaskiya a ɗauki hoton su biyun tare. Ka roƙi mai bango ya ba ka aron bangonsa. Makaranta ko ɗakin karatu na iya ba ka wurin baje koli, ka jera tallan asali da juyayye gefe da gefe. Na ga yadda matasa ke tsayawa gaban irin wannan suna gardama, kuma wanda ya koyi karanta talla ɗaya ta haka ya koyi karanta dukansu.

Akwai wata dabara da na fi so duka, ita ce ka bi ta ƙofar gaba ka bar su su ƙi. A 1988 masu sana'ar katako a lardin British Columbia na Kanada suka cika talabijin da tallan cewa dazuzzukansu na nan har abada. Kalle Lasn da Bill Schmalz suka shirya nasu tallan na martani, suka je da kuɗinsu su sayi lokaci, gidajen talabijin suka ƙi karɓa. Ƙin nan ya zama labari, kuma daga shi aka haifi Adbusters. A 2001 Nike tana ba wa masu saye damar a ɗinka musu kalmar da suke so a jikin takalmi. Wani ɗalibi, Jonah Peretti, ya nemi a rubuta masa kalmar da ake kiran masana'antar da ake bautar da ma'aikata a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamfanin ya ƙi, shi kuma ya ci gaba da amsa musu cikin ladabi, sannan ya tura wasiƙun ga 'yan abokansa. Cikin makonni suka zaga duniya. Bai karya doka ko ɗaya ba, bai ƙara wa maganarsu ko wasali ba.

Iyakoki biyu

Ta farko, kada ka bar jaki ka doki taiki. Wanda ke saye ba abokin gabarka ba ne, shi ake farauta. Matar da ta sayi man bilicin an shekara ana gaya mata launinta aibu ne, in ka yi mata dariya a fostarka ka ƙara mata ciwo a kan ciwo. Haka mai liƙa fosta da mai gadi da yarinyar da aka ɗauki hotonta, duk neman abinci suke. Ka auna mai shawara da mai cin riba.

Ta biyu ita ce ƙarya, kuma a nan na saba da wasu da ake yabo. Ranar 3 ga Disamba 2004, shekara 20 da bala'in iskar guba na Bhopal a Indiya, ɗaya daga cikin Yes Men, 'yan gwagwarmayar da ke yin shigar jami'an manyan kamfanoni, ya bayyana a tashar BBC a matsayin kakakin Dow Chemical, kamfanin da a 2001 ya sayi Union Carbide, mai masana'antar da gubar ta fito daga cikinta. Ya sanar cewa kamfanin ya ɗauki alhaki kuma zai kashe dala biliyan 12 kan waɗanda abin ya shafa. Hannun jarin kamfanin ya faɗi cikin mintoci, aka tilasta masa fitowa ya ce bai yi wannan alkawari ba, duniya ta sake tuna Bhopal. Dabarar ta yi kaifi, ban musa ba. Amma a Bhopal akwai mutanen da suka ji labarin suka gaskata, suka yi murna, bayan 'yan sa'o'i aka ce musu ba haka ba ne. Ni ba zan iya ɗaukar wannan ba. Yau da labaran ƙarya da hotunan ƙirƙira suka cika wayoyi, duk wanda ya ƙara guda ya rage wa gaskiya daraja, har da tasa. Ruɗin da nake yarda da shi shi ne na daƙiƙa uku, wanda ke warware kansa a gaban mai kallo.

Me kake nema a yi?

Fosta mai kyau da ba ta da buƙata a bayanta, a yi dariya a wuce ne. Kafin ka saki aikinka ka rubuta jimla ɗaya: wa kake so ya yi me. A Maris 2010 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta kwaikwayi tallan Kit Kat, cakulan na kamfanin Nestlé, ma'aikacin ofis ya buɗe leda ya gatsa, ashe yatsan birin orangutan ne. Buƙatar a fili take: Nestlé ta daina sayen manja daga masu sare dazuzzukan Indonesiya. Kamfanin ya sa aka cire bidiyon daga YouTube, mutane suka ɗora shi a wasu wuraren, masu kallo suka ninka. A watan Mayu kamfanin ya sanar da sabuwar manufa kan sayen manja.

Buƙatar na iya zama a kan hukuma. Birnin São Paulo na Brazil ya yi dokar tsaftace birni a 2006, aka sauke allunan talla wajen 15,000. Grenoble ta Faransa ta ƙi sabunta kwangilarta da kamfanin allunan talla na JCDecaux a 2014, ta cire alluna sama da 300. Jihar Vermont a Amurka ta hana allunan bakin hanya tun 1968. Ka je ka karanta dokar talla ta inda kake. Sau tari za ka tarar akwai ƙa'ida kan girman allo, ko kan tallan caca da giya kusa da makarantu, ba a dai bin ta ne. Hoton allon da ya karya doka, haɗe da juyayyen tallanka da takardar koke mai sa hannun mazauna wurin, ya fi fosta ɗari nauyi a teburin jami'i.

Ka kuma sani kasuwa na haɗiye masu sukarta. Kamfanoni sun daɗe da koyon yin tallan da ke yi wa talla ba'a, kuma Adbusters kanta, wadda ta yaɗa Ranar Ƙin Saye da Ted Dave ya fara a 1992, ta koma sayar da takalmi mai tambarinta, abin da har yau ake gardama a kai. In aikinka ya yi suna, wata rana za a zo maka da tayin aiki ko a ce ka buga shi a riguna ka sayar. Ka yanke shawara tun yanzu, kai da abokan aikinka, kafin kuɗin ya zo gabanku. Sayarwa kuma na raunana ka a gaban shari'a, domin a ƙasashe da dama kariyar da ake ba wa kwaikwayo na suka ta fi ƙarfi idan ba ciniki ake yi da tambarin ba.

Kada ka yi aikin kai kaɗai. Mutum uku sun isa: mai bincike, mai zane, da mai magana da 'yan jarida. Ku nemi lauya ya duba aikin kafin ya fita, ku rubuta 'yar taƙaitacciyar sanarwa mai ɗauke da buƙatarku da hujjojinku, ku ajiye kwafin komai a wuri fiye da ɗaya. Idan wasiƙar lauyoyin kamfani ta iso, kada ka amsa a ranar kuma kada ka goge komai cikin firgici. Ka kai wa lauyanka, ku duba wace jimla suke ƙorafi a kai. In sun kama ku da kuskure, ku gyara shi a fili, a wurin da kuka yi shi. In kuwa ba su musanta ko ɗaya daga cikin hujjojinku ba, tambarinsu kawai suke kuka a kai, ka tambayi lauyan ko za a iya buga wasiƙar, ka miƙa wa ɗan jaridar da ya fara ɗaukar labarin tare da kwafin takardun da kuka dogara da su.